Sa'ad da Abokin Aure Ya Kwanta Ciwo: Tafiya Ƙasar Waje Neman Maganin Gwaji

Darasin Gidan Kirista

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-27, Markus 5:25-34, Luka 14:28-30, 2 Korantiyawa 12:7-10

Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2

Manufa: Mu san abin da ake nufi da maganin gwaji, mu kuma koyi yadda mata da miji za su yanke shawara a kansa cikin bangaskiya da hankali, tare da taimakon ikilisiya.

Gabatarwa

Akwai ranar da babu ma'auratan da suke fatan gani, wato ranar da likita zai zaunar da su ya ce an yi iyakar abin da za a iya yi a nan. Kafin a kwana biyu shawarwari sun cika gida. Wannan ya ce a tafi Indiya, wancan ya ce Masar ko Jamus, wani kuma ya turo labari a waya cewa ana gwada wani sabon magani a Amurka. Mai lafiya a cikin ma'auratan yakan tsinci kansa tsakanin tsoro biyu: in bai tafi ba, zuciyarsa za ta zarge shi cewa ya bar abokin zamansa ya mutu, in ya tafi, mai yiwuwa ya sayar da gida da gona, ya dawo da bashi, ko ma da gawa.

Mazauna Abuja sun ga irin wannan tafiya a gidajen manya. Hajiya Maryam Babangida ta rasu ranar 27 ga Disamba 2009 a wani asibiti a jihar Kalifoniya ta Amurka bayan fama da sankara, mijinta yana gefenta. A watan Nuwamba na shekarar nan aka kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda tare da uwargidansa, aka dawo da shi a Fabrairu 2010, ya rasu a fadar gwamnati ranar 5 ga Mayu 2010. Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta halarci Babban Taron Ƙasa a Abuja a 2014 ciwo yana cin jikinta, ta rasu a Indiya ranar 7 ga Yuni na shekarar. Mun ambace su da girmamawa, domin mu tuna cewa dukiya da mulki suna iya buɗe ƙofar kowane asibiti, amma rai yana hannun Mahalicci. Akwai kuma da yawa da suka tafi a kwance suka dawo da ƙafafunsu, suna yabon Allah a cikinmu. Saboda haka darasin nan ba zai ce a tafi ko kada a tafi ba. Zai nuna yadda za a yanke shawarar da ba za a yi da-na-sani a kanta ba.

1. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne

Labarin Na'aman, shugaban sojojin Suriya, yana kama da tafiyar da muke magana a kai ƙwarai. Kuturta ta kama shi, ƙasarsa ba ta da magani. Labarin mai warkarwa ya iso gidansa ta bakin wata yarinya baiwa da take yi wa matarsa hidima. Ya karɓi wasiƙa daga sarkinsa, ya ɗauki azurfa da zinariya da tufafi masu yawa, ya haye iyaka zuwa Isra'ila. Allah bai tsauta masa don ya yi tafiya ba, a can ne ma ya sami lafiya, ya kuma san Allah na gaskiya.

Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Ubangiji, aka ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:1-7). Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Laifin Sarki Asa a 2 Tarihi 16:12 shi ne ya manta da Ubangiji sa'ad da ya je wurin masu magani. Iyayenmu a bangaskiya sun gane wannan, shi ya sa suka kafa asibitoci irin na Vom da Jankwano a Jos da Galmi a Nijar kusa da majami'u. Duk wanda ya ce wa marar lafiya ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya, ya ɗora masa kayan da Littafi Mai Tsarki bai ɗora masa ba.

Amma Markus 5 ya nuna mana ɗaya gefen. Matar nan ta shekara 12 tana zubar da jini, ta bi masu magani da yawa, dukiyarta ta ƙare, ciwon kuwa sai gaba yake yi. Mai bishara bai zarge ta ba, ya dai faɗi gaskiyar abin da yakan faru: ana iya kashe kome a kan maganin da ba shi da amfani. A labarin Na'aman ma akwai Gehazi, wanda ya ga baƙo marar lafiya da dukiya, ya bi shi da ƙarya don ya sami rabonsa. Zuriyar Gehazi ba ta ƙare ba har yau.

2. Mene ne maganin gwaji?

Maganin gwaji shi ne wanda masana suke zaton zai yi amfani, amma ba a riga an tabbatar ba. Kafin hukuma ta amince da sabon magani, yakan bi matakai uku a jikin mutane. A mataki na farko ana ba mutane kaɗan, sau da yawa ba su kai 100 ba, don a san yawan da jiki zai iya ɗauka da illar da yake yi. A mataki na biyu ana duba ko yana taɓa ciwon. A mataki na uku ana kwatanta shi da maganin da aka saba bayarwa, a jikin ɗaruruwa ko dubban mutane, kuma sau da yawa ƙuri'ar kwamfuta ce take raba wanda zai sami sabon da wanda zai sami tsohon. Cikin magunguna goma da suka shiga mataki na farko, kusan ɗaya ne kawai yake kaiwa ga amincewar hukuma.

Ma'anar wannan a fili take. Babban dalilin gwaji shi ne neman sani domin marasa lafiya na gobe. Wanda ya shiga yana iya amfana, yana iya rashin amfana, yana kuma iya shan wahalar da ba a zata ba. Shiga gwaji da idanu buɗe aikin ƙauna ne ga maƙwabci, amma kada a ɗauke shi alkawarin warkewa.

Duk da haka, gwaji ya haifi albarka mai yawa. An fara gwada ƙwayar Glivec a kan wata irin sankarar jini a 1998, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2001, kuma mutane da yawa da a dā ba a ba su shekaru masu yawa ba suka rayu suna shan ƙwaya kullum. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da yake gyara ƙwayoyin gado na masu ciwon sikila, ciwon da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi. Sai dai kuɗinsa a Amurka ya kai dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ga bege, ga kuma tsadar da ta fi ƙarfin kusan kowa.

Dole mu rarrabe gwaji na gaskiya da kasuwanci. Gwaji na gaskiya yana da rajista, yana ƙarƙashin kwamitin da yake kare haƙƙin marasa lafiya, yana da sharuɗɗan shiga masu tsanani, kuma yawanci masu gudanar da shi ne suke ba da sabon maganin kyauta. Akwai kuwa asibitoci a ƙasashe dabam dabam da suke tallar allurar ƙwayoyin asali na jiki, suna cewa tana warkar da shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga da tsufa gaba ɗaya, a kan kuɗi masu yawa. Inda aka tabbatar da amfanin irin waɗannan ƙwayoyi sosai shi ne dashen ɓargo, domin sankarar jini da wasu cututtukan jini. In ka ji magani ɗaya yana warkar da kowace cuta, in an ce ba shi da illa ko kaɗan, in ana matsa maka ka biya yau kafin gurbi ya cika, to, ka ja da baya. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, mayaudara kuwa sun san haka.

3. Darasi daga Kano: kada a sa hannu a kan abin da ba a gane ba

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Najeriya. A lokacin ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara wajen 200, aka ba rabinsu sabon maganin, rabi kuma wani maganin da aka sani. Yara 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi shekaru ana shari'a, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A 2007 Najeriya ta fitar da ƙa'idojin ƙasa na binciken lafiya, bisa tushen Sanarwar Helsinki ta 1964.

Abin da ƙa'idojin nan suka tsaya a kai shi ne amincewa bayan cikakken bayani. Marar lafiya yana da haƙƙi a yi masa bayani da harshen da yake ji, a ba shi lokaci ya yi tunani, kuma yana iya janyewa duk ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi sauran kulawa ba. Matambayi ba ya ɓata. Kafin a sayi tikiti, a aika da takardun asibiti, a nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce: Gwajin a mataki na nawa yake? An tabbatar marar lafiyarmu ya cika sharuɗɗan shiga, ko sai mun iso za a duba? Me ya sami waɗanda suka riga suka sha? Wa zai biya kuɗin gado da gwaje-gwaje da jinyar illar da maganin ya jawo? Wata nawa za mu zauna? In maganin ya karɓe shi, za a ci gaba da ba shi bayan mun dawo gida? Sa'an nan a kai amsoshin wurin likitan da ya san marar lafiyar a nan, wanda ba shi da kamasho a tafiyar.

4. Zauna ka yi lissafi

Ubangijinmu ya ba da misalin mai ginin da ya kamata ya zauna ya lissafta kuɗi tun bai kafa harsashi ba. Lissafi ba gaba yake da bangaskiya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko a tambaya ko abin da ake nema yana nan gida. Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 1999, yana gashin sankara. An yi dashen ɓargo na farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ana kuma dashen ƙoda a Kano da Abuja da Legas. A Yuni 2025 aka buɗe babban asibitin AMCE a Abuja, wanda bankin Afreximbank ya gina da haɗin gwiwar asibitin King's College na Landan, domin sankara da cututtukan jini da na zuciya. Gaskiya ne har yanzu da sauran aiki. A nan Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a Afrilu 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, Najeriya kuwa ba ta cika shi ba. Amma Na'aman ya kusa rasa warkewarsa don ya raina abin da ya ga ya yi sauƙi. Kada mu raina likitocinmu tun ba mu ji ta bakinsu ba.

Na biyu, a lissafta kuɗin tafiyar duka: biza ta marar lafiya da ta mai jinya, katin rigakafin shawara, takardar likita da kamfanin jirgi yakan nema, masauki na watanni, abinci, da kuɗin ajiya da asibiti yakan karɓa daga baƙon da ba shi da inshora. A tuna da canji. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500. Iyalin da suka tara kuɗi a naira suna iya wayar gari su tarar abin da suka tara ya zube.

Na uku, mata da miji su sa iyaka tun suna gida: abin da za a iya sayarwa, da abin da ba za a taɓa ba. Kuɗin makarantar yara da rufin da yake kansu amana ce (1 Timoti 5:8). A kuma yi maganar da bakinmu ba ya son yi: wasiyya, takardun fili, asusun banki, da abin da za a yi in rai ya yi halinsa a can, domin dawo da gawa ta jirgi yana da tsada da takardu masu yawa. Yin wannan magana ba ya kiran mutuwa. Ibrahim da Yakubu da Yusufu duk sun shirya makwancinsu, bangaskiyarsu kuwa ba ta ragu ba.

5. Muryar marar lafiya da nauyin mai jinya

A gidajenmu dangi sukan taru su yanke shawara a falo, marar lafiya yana kwance a ɗaki, wani lokaci ma an ɓoye masa sunan ciwonsa. Wannan bai dace da masu bi ba. Jikinsa ne za a huda da allura, kwanakinsa ne za a kashe a baƙuwar ƙasa. Wani zai ce yana so a gwada ko da begen kaɗan ne. Wata za ta ce ta gaji, ta fi so ta ƙarasa kwanakinta tana jin muryar jikokinta. Dukansu biyu amsoshi ne na mai bi. Kada miji ya tilasta wa matarsa tafiya don kada mutane su ce bai yi ƙoƙari ba, kada kuma 'yan'uwan miji su zargi matarsa da rowa don ta girmama nufinsa.

Alkawarin da muka yi a gaban Allah ranar aure shi ne za mu riƙe juna ko da lafiya ko babu. Ba mu ɗauki alkawarin warkar da juna ba, wannan ikon Allah ne. Wanda ya gane haka zai sami sauƙi a zuciyarsa, ko a Abuja yake jinya ko a Indiya.

Mai jinya a ƙasar waje yana ɗaukar aikin da a gida mutum goma suke rabawa. Shi ne mai dafa abinci, mai fassara, mai riƙe kuɗi, mai amsa wayar dangi da tsakar dare. Sai ya riƙe littafi yana rubuta sunayen magunguna da abin da likita ya faɗa, ya karɓi kwafin kowace takarda domin likitan gida. Ya ci abinci, ya yi barci, ya nemi majami'a mafi kusa. Sa'ad da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi shi ne abinci da barci (1 Sarakuna 19:4-8). Gajiya da fushi da kuka ba zunubi ba ne, a kai su gaban Ubangiji yadda suke.

6. Aikin ikilisiya

Mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayyen nan zuwa wurin Yesu (Markus 2:1-12), gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawa su ziyarci gidan su yi addu'a bisa ga Yakubu 5:14. Likitoci da ma'aikatan jinya da suke cikin ikilisiya su taimaka a karanta takardu. Zumuntar Mata da ta matasa su lura da yaran da aka bari, da abincinsu da makarantarsu, har iyayen su dawo.

In za a yi baiko na musamman, a yi shi da tsari: mutum biyu ko uku su riƙe asusun, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a faɗa tun farko abin da za a yi da ragowar in ba a yi tafiyar ba. Kada a baza hoton marar lafiya a waya ba da izininsa ba. An san Dora Akunyili da wani abu tun tana aiki da hukumar PTF: an ba ta kuɗin tiyata a ƙasar waje, likitoci suka ce ba ta bukatar tiyatar, ta dawo ta mayar da kuɗin. Irin wannan aminci ne yake sa mutane su sake buɗe hannu gobe domin wani.

Masu wa'azi kuma su kiyaye harshensu. Kada a yi annabcin warkewa da Allah bai aiko ba, kada a ce wa mai ciwo zunubinsa ne ko ƙarancin bangaskiyarsa. Abokan Ayuba sun fi amfani a kwana bakwai da suka zauna shiru.

7. In ba a warke ba

Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin da zai ishe shi ɗaukarta. Shi da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya bar Tarofimas da ciwo a Militas (2 Timoti 4:20). Akwai lokacin da likita mai gaskiya zai ce maganin bai karɓa ba. A ranar, hikima ita ce a tambaya ko marar lafiya zai iya hawa jirgi, a dawo gida tun da sauran ƙarfi.

Daina neman warkewa ba daina kulawa ba ne. Akwai fannin likitanci na rage zafi da sanyaya wa mai ciwon ajali, wanda Cicely Saunders, wata likita mai bi, ta kafa masa gida a Landan a 1967, Dokta Anne Merriman kuma ta kafa irinsa a Yuganda a 1993. A tambayi manyan asibitocinmu wannan kulawa, gama ba nufin Allah ba ne bawansa ya ƙare kwanakinsa yana ihu don zafin da akwai maganinsa. Wanda ya yi jinyar abokin aurensa har ƙarshe, ko ya tafi da shi ko bai tafi ba, ya cika alkawarinsa. Begenmu kuwa bai tsaya a bakin kabari ba, gama Kristi ya tashi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane bambanci ne yake tsakanin abin da Hezekiya ya yi da abin da Asa ya yi?
2. Ta yaya za mu gane Gehazi na zamaninmu?
3. In marar lafiya ya ce ba ya son tafiya, dangi kuwa sun nace, me ya kamata abokin aurensa ya yi?
4. Kai da matarka, ko ke da mijinki, kun taɓa yin maganar wasiyya da abin da kowannenku yake so in ciwo ya yi tsanani? Me yake hana ku?
5. Wane shiri ikilisiyarku take da shi domin yaran da iyayensu suke jinya a nesa?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai da ka san ƙirarmu, ka dubi gidajen da ciwo ya shiga. Ka ba likitoci gaskiya da gwaninta, ka ba ma'aurata hikimar yanke shawara da zuciya ɗaya. Ka tsare waɗanda suke kan hanya, ka ƙarfafa masu jinya a baƙuwar ƙasa, ka kiyaye 'ya'yansu a gida. Inda nufinka ne ka warkar, ka warkar. Inda ka kira bawanka gida, ka ta'azantar da wanda ya rage. Ka koya wa ikilisiyarka ɗaukar nawayar juna. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.